Wane tsarin ajiyar ko-ta-kwana ya dace da uwar garken makarantarmu?

Malamin Lissafi, yankin Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta kwana a yankin Auyo, cikin ƙasar Haɗeja, kuma da yake na fi sauran malamai sabawa da kwamfuta, shekara uku ke nan da aka damƙa mini makullin ɗakin kwamfuta da duk abin da ke cikinsa. A ɗakin akwai kwamfutoci 40 da ɗalibai ke gwajin jarrabawar JAMB a kansu, akwai 7 a ofisoshi, kuma dukkansu a haɗe suke da uwar garke guda ɗaya, wato saba, wadda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta saya mana, tana aiki da Windows Server 2016. A cikinta manhajar sakamakon jarrabawa take, da rajistar ɗalibai da hotunansu, da lissafin ofishin ma'aji, da hotunan takardun shaidar kammala karatu tun daga kafuwar makarantar, sai tarin bidiyon darussa da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Da na duba jiya, jimillar abin ta kai gigabait 620.

Abin da nake yi a yanzu bai kai a kira shi tsari ba. Ina da faifan ajiya na waje guda ɗaya, irin wanda ake jonawa ta kafar USB, kuma duk Alhamis ɗin da na tuna sai in kwafe manyan foldoji a kansa, in ɗora shi a saman ita uwar garken. A daminar da ta wuce an yi wani ruwa mai tsawa da daddare, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, gari na wayewa na danna maɓalli uwar garken ta ƙi tashi. Kwana biyu na yi abinci ba ya shiga, domin saura mako guda a raba sakamakon zango na uku, kuma da na buɗe faifan nawa sai na tarar kwafin ƙarshe ya yi mako biyar. Allah ya taimake ni akwatin wutar na'urar ne kaɗai ya ƙone, faifan ciki bai taɓu ba, aka kawo wani akwatin daga Kano muka ci gaba da aiki.

Tun daga ranar shugaban makaranta ya amince a kashe kuɗi, ya ce in kawo shawara a rubuce gaban kwamitin makaranta kafin hutu. Shawara uku na samu, kuma kowace ta saɓa wa 'yar'uwarta. Wanda ya kawo mana akwatin wutar ya ce a ƙara faifai na biyu a cikin uwar garken a haɗa su da RAID, wato tsarin da ke sa faifai biyun su riƙe abu iri ɗaya, wai shi ke nan an gama. Wani abokina ya ce a ɗora komai a intanet a huta. Na uku ya ce a sayi akwatin ajiya mai zaman kansa da ake kira NAS. Wutar gari ba ta wuce 'yan sa'o'i a wurinmu, da sola da inbata muke aiki da rana, ɗakin kuma fanka kawai gare shi. Intanet ɗinmu na layin waya ne, kuma idan sabis ya yi kyau da daddare saurin ɗorawa kan kai megabit 5 a daƙiƙa. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini wanne ya dace da mu, da wace manhaja, da kuma yadda zan tabbatar cewa abin da aka ajiye zai dawo ranar da aka neme shi.

Injiniyan Sadarwa, Wudil

Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da cire maka shawarar farko daga lissafi, ba don ba ta da amfani ba, sai don ba ita ka tambaya ba. RAID na faifai biyu kamar takardar kabon yake a littafin rasit: duk abin da aka rubuta a sama nan take yake fitowa a ƙasa, daidai ne ko kuskure. Idan faifai ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe aiki har a sauya, wannan gaskiya ne. Amma idan magatakarda ya goge foldar aji shida bisa kuskure, ta gogu a duka biyun a daƙiƙa guda, haka idan ƙwayar cuta ta shiga, haka idan tsawar da ta ƙona maka akwatin wuta ta wuce ciki, tunda a cikin gida ɗaya suke kuma waya ɗaya ke ba su wuta.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe a kanta ita ce ta 3-2-1: kwafi uku na bayanan, har da wanda ake aiki da shi, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da ginin. Kafin ka sayi komai, ka zauna da jami'in jarrabawa da ma'aji ka yi musu tambaya biyu. Aikin kwana nawa za su iya sake shigarwa da hannu idan ya ɓace? Kuma kwana nawa makaranta za ta iya yi babu uwar garken? A makon shigar da maki na tabbata amsar ta farko ba za ta wuce kwana ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kwafin dole ya zama na kullum, wanda na'ura ke yi da kanta, ba wanda ke jiran mutum ya tuna ba.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne NAS mai gurbin faifai biyu, na Synology ko QNAP, da faifai biyu masu terabait 4 irin waɗanda aka yi domin wannan aiki, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Kada a ajiye shi a ɗakin kwamfuta. A ja masa waya zuwa wani ginin, ko ofishin shugaba ko na mataimaki, inda ake kullewa kuma yara ba sa shiga. A kan waya mai saurin gigabit ɗaya a daƙiƙa, kwafin farko na gigabait 620 zai ci kamar sa'a biyu, daga nan kuma abin da ya sauya kawai za a riƙa ɗauka, wanda a yawancin ranaku 'yan mintuna ne. Sai ka ƙara da faifan USB guda biyu da za a riƙa musanyawa, ɗaya yana jone ana kwafa, ɗaya yana nesa a cire.

Ta fuskar manhaja ba sai ka biya lasisi ba. Windows Server Backup yana cikin abin da kake da shi, kunna shi kawai za ka yi, kuma yana aiki da kyau da faya-fayan USB da ake musanyawa. Sai dai ka lura da wani halinsa: idan ka ce ya riƙa kwafa zuwa foldar da aka raba a kan hanyar sadarwa, kwafin yau yana danne na jiya ne, guda ɗaya tak yake bari. Wannan ba zai yi maka ba, domin sau da yawa ba a gane fayil ya lalace sai bayan mako biyu ko uku. Saboda haka don kwafin da ke tafiya NAS na fi son Veeam, wanda nau'insa na kyauta, Community Edition, ke ɗaukar na'urori har 10, ko kuma Active Backup for Business idan Synology ka saya, amma ka tabbatar samfurin da za ka saya yana cikin waɗanda ke ɗaukarsa, domin ƙananan masu araha ba duka ke ɗauka ba. Ka saita shi ya riƙe kwafin kowace rana na mako biyu, na kowane mako na wata biyu ko uku, da na ƙarshen kowane zango wanda ba a taɓawa.

Akwai wurin da na ga mutane da yawa sun yi tuntuɓe, shi ne rumbun bayanan manhajar sakamako. Yadda kake kwafar foldoji da hannu alhali manhajar tana aiki, mai yiwuwa ne fayilolin rumbun da ka kwafa ba za su buɗu ba, saboda ana cikin rubutu a kansu ka ɗauka. Ka binciki ko MySQL ne ko SQL Server ke ƙarƙashinta, ka sa ta riƙa fitar da cikakken kwafin kanta a fayil guda kowace rana kafin lokacin kwafin gaba ɗaya. Haka idan uwar garken ce ke riƙe da sunayen masu shiga da kalmomin sirrinsu, to ka riƙa ɗaukar hoton na'urar dukkanta, wato cikakken kwafin duk abin da ke faifanta har da Windows ɗin, ba foldoji kawai ba, don kada ranar maidowa ka zauna kana ƙirƙirar asusun mutum ɗari ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun wuta da zafi. Tunda da rana kuke da sola, ka sa kwafin ya riƙa tashi da azahar lokacin da ofisoshi suka yi sauƙi, ba ƙarfe biyun dare ba kamar yadda manhajojin kan zo a saite. Ka sa wa NAS ɗin UPS nasa, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ka haɗa su da wayar USB domin ya kashe kansa cikin tsari idan batir ya yi ƙasa, kuma a sa abin kare tsawa a wayar da ta ratsa tsakanin gine-ginen. Yawancin ƙananan akwatunan nan an rubuta musu iyakar zafin ɗaki digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano kan wuce haka da rana tsaka. A zaɓi ɗaki mai silin da iska, a ɗaga akwatin daga ƙasa, kuma bayan hunturu a buɗe a hure ƙurar da ta toshe fankarsa.

Mai Shagon Kwamfuta, Ringim

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a kan abu ɗaya, shi ne yadda ya bar batun intanet gefe kamar ba ya cikin lissafi. Malam ya ce a yankin Auyo yake. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2022 daga nan Ringim har zuwa Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja ya san cewa “wani ginin” a cikin harabar makaranta ɗaya ba wani wuri ba ne, domin ruwan da ya shiga ɗakin kwamfuta zai shiga ofishin shugaba, kuma mai yiwuwa ya shiga gidajen malamai. Ba mu kaɗai wannan ke samu ba. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, kuma akwai abokan hulɗarsu da suka rasa komai saboda kwafinsu na ko-ta-kwana yana wuri ɗaya da na asali.

Sai dai abokin Malam da ya ce a ɗora komai shi ma bai yi lissafi ba. Malam, kai ne mai lissafi, ka duba: tunda bait ɗaya bit 8 ne, gigabait 620 daidai yake da megabit miliyan 4 da dubu 960, idan ka raba da 5 za ka samu daƙiƙa dubu 992, wato sama da kwana 11 ana ɗorawa dare da rana ba tare da sabis ya yanke ko wuta ta ɗauke ba. Kuma ranar da uwar garken ta mutu sai an sake sauke shi duka, a sake sayen data mai yawan haka, makaranta tana tsaye tana jira.

Mafita ita ce ka raba kayan gida biyu, yadda manomi ke ware irin shuka daga hatsin ci. Bidiyon darussa da tsofaffin tambayoyi hatsin ci ne, idan sun salwanta za a iya samo su daga wata makarantar. Sakamako, rajista, lissafin ma'aji da hotunan takardun shaida su ne iri, babu inda za ka samo su idan sun tafi. Ina kyautata zaton idan ka auna waɗannan ba za su wuce gigabait 30 ko 40 ba, kuma mafi yawansu hotuna ne da ba sa sauyawa. Gigabait 40 a kan megabit 5 sa'a 18 ne, ka ga dare uku ko huɗu sun isa, ko kuma ka ɗauki faifan ka shiga Dutse ko Kano inda intanet ke da ƙarfi ka yi ɗorawar farko a yini ɗaya. Bayan wannan, abin da zai riƙa tafiya kullum kaɗan ne ƙwarai.

Wuraren ajiya irin su Backblaze B2 da Wasabi da dala ake biyansu, kuma wahalar ba a yawan kuɗin take ba, tunda gigabait 40 ba wani abu ba ne, tana wajen samun katin da zai biya da kuma wanda zai tuna ya biya duk wata. Idan makarantarku ta cancanci Google Workspace for Education ko Microsoft 365 na makarantu, ku nema, domin asusun zai zama da sunan makaranta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zuba bayanan yara a Google Drive na malami na kansa. Akwai hotunan 'yan mata da samari, da ranakun haihuwarsu, da lambobin iyayensu, kuma tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Ka yi amfani da manhajar da ke kulle bayanan tun kafin su bar na'urarka, kamar restic, ko Duplicati, ko Hyper Backup da ke cikin Synology. Sannan ka sani wannan kwafin na ranar babbar masifa ne, ba na yau da kullum ba. Mun ga yadda intanet ya yi rauni a ƙasar nan a tsakiyar Maris na 2024 lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, don haka ba zan ce ka dogara da shi shi kaɗai ba.

Hajiya Mataimakiyar Shugaba, yankin Rano

Ni ban san sunayen na'urorin nan ba, amma na shekara tara ina riƙe da ofishin jarrabawa kafin a ba ni wannan kujera, kuma abin da ya same mu ba daga na'ura ya zo ba. Muna da wani matashin malami mai ƙwazo wanda ya shirya mana komai tsaf, da faifai biyu da kulle da duk abin da kuke faɗa. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi cikin mutunci, ya miƙa makullai, ya miƙa faya-fayan a cikin wata jakar leda, amma babu wanda ya yi tunanin tambayarsa kalmar sirrin da ya kulle su da ita, shi ma bai tuna ya rubuta ba. Bayan wata takwas kwamfutar ofis ta lalace, muka jona faifan, ya nemi kalmar sirri, muka kira shi, ya ba mu guda huɗu yana cewa a gwada ko ɗaya daga ciki ce. Babu wadda ta buɗe. Sai da muka koma sito muka kwaso manyan takardun maki, waɗanda gara ta riga ta ci gefensu, ni da magatakarda biyu muka yi hutun ƙarshen shekara muna shigar da sakamakon shekara uku da hannu. A cikin wannan hali wani tsohon ɗalibi ya zo daga nesa neman takardar shaida saboda ɗaukar aiki, ya yi kwana uku yana zaune a ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis yana jiranmu.

Saboda haka, ƙanena, duk abin da za ka kai gaban kwamiti ka haɗa da waɗannan. Kalmomin sirri da lambar buɗe kulle a rubuta su da biro, a sa a ambulan biyu, a liƙe, a sa hannu a bakin liƙin, ɗaya a akwatin ƙarfe na shugaban makaranta, ɗaya a wurin shugaban kwamiti. A sami mutum na biyu, ko da magatakarda ne, wanda ka koya wa musanya faifai da duba ko kwafin jiya ya yi, domin kai ma ma'aikaci ne, takardar canjin wuri ba ta sallama. A buɗe littafi mai bango mai ƙarfi irin na rajista, duk wanda ya musanya faifai ya rubuta rana ya sa hannu, shugaba ya riƙa dubawa kamar yadda yake duba littafin halartar malamai. Na ga amfanin wannan, domin abin da ake sa wa hannu ba a cika mantawa da shi ba.

Kuma idan kana tunanin faifan da za a ajiye nesa ya riƙa kwana a gidanka, ban goyi baya ba, ba don rashin yarda ba, sai don kare ka. Ranar da aka ce maki ya sauya ko wani sirri ya fita, wanda kayan ke ɗakinsa shi za a fara kallo. Mu yanzu ma'aji ne ke tafiya da namu ranar da yake shiga gari zuwa banki, ya ajiye a wurin da kwamiti ya amince, ya dawo da ɗayan.

Malamin Lissafi, yankin Auyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna kamar yadda mai shago ya ce, abin da ba za a iya samowa a wani wuri ba gigabait 34 ne kacal, saura duk bidiyo ne da manhajojin gwaji. Na kuma duba manhajar sakamakon, MySQL ce ke ƙarƙashinta, kuma da na gwada buɗe kwafin da ke tsohon faifaina a wata kwamfutar ya ƙi buɗuwa, wato shekara uku ina ajiye abin da ba zai amfane ni ba. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin a yanzu haka ni kaɗai na san kalmar sirrin uwar garken.

Saura tambaya biyu. Yara da malamai suna yawan soka filashi a kwamfutocin ɗakin, kuma kusan kowane mako sai na yi fama da ƙwayar cutar nan mai ɓoye foldoji. Idan irin mai kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa ce ta shigo, me zai hana ta bi waya ta cinye NAS ɗin shi ma? Sannan wani ya ambata mini kaset na ajiyar bayanai da ake kira LTO, ya ce shi manyan ma'aikatu ke amfani da shi. Ya dace mu duba shi?

Injiniyan Sadarwa, Wudil

Batun kaset gajere ne. LTO abu ne mai kyau, kaset ɗaya na LTO-8 yana ɗaukar terabait 12 kuma yana daɗewa a ajiye, amma na'urar da ke karanta shi ta fi duk abin da muka lissafa tsada, ba ta shiri da ƙura, kuma idan ta lalace ba za ka sami mai gyara ko aron wata a kusa ba. Mai gigabait 620 ba ya buƙatarsa.

Tambayarka ta farko kuwa ita ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce babu abin da zai hana ta, idan ka saita NAS ɗin yadda yawancin mutane ke yi. Irin wannan cuta tana kulle duk foldar da kwamfutar da ta kama ke da izinin rubutu a cikinta, har da na kan hanyar sadarwa, wasu ma suna yaɗuwa da kansu. WannaCry ta watan Mayu na 2017 ta bi ta wata kafa a tsarin raba fayiloli na Windows, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin kafar tun watan Maris, ba a dai sa ba ne. Don haka kada NAS ɗin ya bayyana a matsayin faifai a kowace kwamfuta, har da uwar garken. Ka ba shi sunan shiga da kalmar sirri nasa na dabam waɗanda ba a amfani da su a ko'ina, kada ka haɗa shi da asusun makaranta na bai ɗaya, kada kuma ka buɗe shi ga intanet don ka riƙa leƙawa daga gida. Ka kunna masa ɗaukar hoton halin da fayiloli ke ciki a kowace rana, wanda Synology ke yi a kan tsarin Btrfs, domin ko an ɓata na yau ka koma na shekaranjiya. Kwamfutocin yara 40 ɗin nan ba sa buƙatar kwafi, cikakken kwafin faifan guda ɗaya daga cikinsu mai tsafta ya isa ka sake zuba wa duk wadda ta kamu, amma ka raba su da ɓangaren ofisoshi a kan hanyar sadarwar, ka kuma hana asusun ɗalibai sanya manhaja. Duk da wannan, faifan da ke cire a cikin akwatin ƙarfe shi ne wanda babu cutar da za ta kai gare shi, shi ya sa na nace a kan musanyawa. Ka kulle faya-fayan da BitLocker, manhajar kulle faifai da ke cikin Windows, lambar maidowarsa mai alƙaluma 48 ita ce za ta shiga ambulan ɗin da Hajiya ta faɗa. Na kuma karɓi gyaran mai shago a kan ambaliya, gigabait 34 ɗin nan su tafi intanet.

Game da tabbatarwa, ka riga ka yi gwajin farko da kanka, kuma ka ga abin da ya fito. Alamar kore da manhaja ke nunawa shaida ce cewa ta rubuta wani abu, ba shaida ba ce cewa abin zai buɗu. Kowane wata ka zaɓi fayil uku ko huɗu ka maido su a wata folda ka buɗe. Kowane hutun zango ka ɗauki kwamfuta ɗaya daga ɗakin, ka ɗauka uwar garken ta ƙone, ka maido rumbun sakamakon a kanta daga faifan da ke waje, ka buga katin sakamakon ɗalibi guda ka gwada da na hannun jami'in jarrabawa. Ka riƙe agogo ka ga sa'a nawa abin ya ci, ka rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, sannan a hutu na gaba ka ba mutum na biyun takardar ya yi kai kana gefe ba ka ce komai ba. Wajen sayen faya-fayan kuma ka karɓi rasit, ka duba lambar kowanne a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka karanta bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa a kan kansa, ka ga sa'o'in da ya yi yana aiki, domin na taɓa sayen faifai a kwali a liƙe na tarar ya yi shekaru yana juyawa a wani wurin. A cikin takardarka ka sanar da kwamiti cewa tallafin Windows Server 2016 zai ƙare a watan Janairu na 2027, don su san akwai wani kashe kuɗin a gaba.

Malamin Lissafi, yankin Auyo

Na rubuta takardar, kuma na jera kayan bisa abin da ya fi gaggawa, saboda ban tabbata kuɗin zai isa a sayi komai a zango ɗaya ba. Faya-fayan USB biyu da UPS ne a farko, tare da fitar da kwafin MySQL kullum da azahar, wanda na riga na saita yau kuma na buɗe shi a wata kwamfutar ya buɗu. NAS ɗin da wayar da za a ja zuwa ofishin mataimakin shugaba su ne na biyu, ajiyar intanet ta gigabait 34 kuma za ta jira mu ga ko za a ba mu asusun makarantu. Magatakardar ofishin jarrabawa ta yarda ta zama mutum na biyu, ambulan biyun kuma suna kan teburin shugaba yana jiran shugaban kwamiti ya zo su sa hannu tare. Abin da ba mu daidaita ba shi ne inda faifan waje zai riƙa kwana, domin ma'ajinmu sau ɗaya a wata yake shiga Haɗeja, kuma daga Agusta zuwa Satumba akwai makonnin da hanyar ba ta biyuwa sai da kwalekwale. Shugaba yana ganin a roƙi wata makaranta da ke kan tudu mu riƙa musayar ajiya da su, mu riƙe nasu su riƙe namu, kuma ranar Litinin zan je in ga malamin da ke kula da ɗakin kwamfutarsu.